Aljihu a Hannun Riga

Auta,

Gaisuwa ce daga uwa zuwa ga 'yar da ta manta hanyar gida. Ina fata kina lafiya, kina kuma cin abinci, ba wannan tsakurar da kike yi kamar tsuntsuwa ba. Mu nan sai godiya. Gwiwata tana nan da halinta, in ina taka keke ta yi shiru, in na miƙe ta fara ƙorafi. Babanki kuwa sugan ya ɗan sauka. Nas ɗin asibitin unguwa tana zuwa kowace safiya, ta soki yatsansa, ta duba jinin, ta yi lissafinta, sannan ta ja allura daidai da abin da ta gani. Kullum sai sun yi faɗa. Jiya ya ce mata hannunta kamar na mai faskare, ya ce, "Bari dai Autata ta gama, ko ƙofar nan ba za ki ƙara gani ba." Ta yi dariya ta ce ita ma hutu take nema.

Ga farar rigar aikinki nan na ba Kawu Direba, tana cikin leda biyu saboda ƙurar motarsa. Tsohuwar da kike sawa ta zama abin kunya, kada a ce 'yar tela ce ke yawo da wuyan riga a lauye. Yadin mai kyau ne, na wanke shi kafin in yanka don kada ya tsuke miki.

Kasuwa ta buɗe min a bana. 'Yan makarantar jinya ta nan kusa da mu sun gano shagona, sai su zo su uku su huɗu, su cika min benci da surutu da ƙamshin turare, kowacce da farar rigarta. A wurinsu na koyi yayin da ake yi yanzu. Taki na yi miki irin tasu sak, ban rage komai ba, don kada ki shiga jarrabawa kina kallon na wasu. Akwai wani ɗan abu da na ƙara a jikinta, ba zan faɗa ba, ki nemo da kanki. Ba da keke na yi shi ba, da hannu na zauna na yi.

Kin ce lissafin magani yana ba ki wuya, har kin faɗi gwajinsa. Na karanta wurin nan na ji ba daɗi. Ni dai ban iya lissafinku ba, nawa bai wuce na kafaɗa da ƙugu ba. Abin da hannuna ya iya, shi na yi miki. Sauran kuma ya rage naki.

Zoben kakarki yana nan dai ko? Na san ki da ajiye abu a bakin famfo ki yi gaba.

Ummanki

*

Umma,

Na durƙusa na gaishe ki. Ya gwiwa, ya jikin Baba? Ki ce masa ya daina tsokanar matar nan, ita ce ke riƙe da shi kafin in zo. Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon kai da ke zuwa in na daɗe kan littafi.

Riga ta iso. Na buɗe bakin ledar na shaƙa, sai na ji ƙamshin shagonki, na sitati da man keke, har hawaye ya zo min. Ban warware ta ba. Na sa ta a ƙasan akwati yadda kika ninke ta, sai ranar jarrabawar ƙarshe zan sa, wato ta lissafin magani. In na fito da ita yanzu Aku za ta ara. Aku ita ce 'yar ɗakinmu da na ba ki labari, wadda bakinta ba ya hutawa, kuma abin da ta ara sai ya ga ta kansa. Zobe yana nan cikin gwangwani, ai ba a barinmu mu sa komai a yatsa a nan.

Umma, makarantar nan ta zama wurin tsoro. An kawo sabon mai kula da jarrabawa, muna ce masa Shaho. Ba ya tsawa, ba ya zagi. Takalminsa ma ba ya ƙara, sai dai ki ga inuwarsa a kan takardarki. A makon jiya ya kama wata 'yar ajinmu da rubutu a cinyarta. Bai ce mata komai ba, ya ɗauke takardarta, ya kira malama mace, ya nuna ƙofa. Ba a kwana uku ba aka liƙa sunanta a allo, kora ce gaba ɗaya, kuma an ce za a aika wa duk makarantun jinya kada a karɓe ta. Mahaifinta ya zo ɗaukar kayanta. Na gan shi ta taga, dattijo kamar Baba, ya ɗora katifarta a kai da kansa, ita tana biye tana kuka. A bakin ƙofa katifar ta zame masa, ya tsuguna zai ɗauka, sai ya kasa tashi. Tun daga ranar in na rufe ido shi nake gani.

Amma kin san abin mamaki? Ba a daina ba. Aku ta ce rabin aji suna da dabararsu, wai wanda aka kama shi ne ɓarawo. Ni kuwa ga ni nan da lissafi kamar mai ɗibar ruwa da kwando. In aka ce mara lafiya nauyinsa kaza, kwalba tana ɗauke da kaza, nawa za ki ja a sirinji, sai lambobin su riƙa yi min rawa. Na sani a littafi, in an rufe littafi sai ya gudu. Wanda ya faɗi wannan jarrabawar sai ya maimaita shekara, ni kuma na san abin da shekara take nufi a gidanmu.

An karɓe wayoyinmu har sai an gama, baƙi ma an hana su shigowa. Sai dai takarda ta hannun Kawu. Ki sa ni a addu'a.

Autarki

*

Auta,

Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, kuma ta same ki da wuri. Babanki yana nan da sauƙi. Ki bar duk abin da kike yi ki karanta wannan har ƙarshe.

Ki fito da rigar nan. Ki juya hannun hagu, ki duba cikin kalmasar bakin hannu. Akwai ɗan aljihu a wurin, siriri, tsawon yatsa. Ki sami reza ki farke shi, ki cire ƙyallen, ki ƙone. In kin ga zai bar alama, ki bar rigar gaba ɗaya ki sa tsohuwa. Gara a yi miki dariyar wuyan riga.

Bari in gaya miki abin da ya faru. Ina zaune ina yanka, wani mutum ya yi sallama a ƙofar shago, da farar riga a ninke a hammatarsa. Malami ne a makarantar jinyar nan. Na share masa benci, ya ƙi zama. Ya shimfiɗa rigar a kan teburin yanka, ya juya hannunta, ya ce, "Mama, wannan aikinki ne?"

Na ce nawa ne mana, har da ɗan alfahari.

Ya ce, "Kin san amfaninsa?"

Na ce, "Na zobe ne. Yaran sun ce in za su wanke hannu su taɓa mara lafiya dole su cire zobe, ga shi yana ɓata musu. Shi ne suke cusa shi nan."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya sa yatsa biyu a aljihun, ya zaro wata takarda a naɗe kamar taba. Ya warware ta a gabana, ta fi tef ɗina tsawo, cike da rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi. Ya ce, "Ga zoben."

Na zauna a kan tarin yadin mutane. Rashin sani ya fi dare duhu. Ni da nake tambayarsu me ya sa aljihun zobe zai yi tsawo haka, su ce min ai da agogo ma, su kalli juna su yi dariya, ni ma in taya su. Ashe ni ake wa dariyar.

Mutumin bai ci mutuncina ba. Ya ce ya ga alamar ban sani ba, amma yaran da aka kama sun tafi ke nan. Ya ce sun sanar da sauran makarantu a riƙa taɓa hannun rigar kowa a ƙofar jarrabawa, kuma ko aljihun babu komai, samunsa kaɗai laifi ne. Na tambaye shi yadda suke ganewa. Ya ce ɗinkin keke yana barin tudu, yatsa yana ji. Ban ce masa ina da 'ya a makarantar jinya ba.

Naki don zoben kakarki na yi, wallahi don shi na yi. Na tuna ranar da kika bar shi a bakin famfo kika kwana kina kuka. Na so in kira wayar matar da ke kula da ɗakunan kwananku, amma me zan ce mata? In ce ta gaya wa 'yata ta farke aljihun satar amsa? Na so in taho da kaina, to wa zan bar wa babanki? Ban gaya masa ba, kin san abin da tashin hankali ke yi wa sugansa.

Kawu Direba zai tashi gobe da sassafe. Ki ba shi amsa ya dawo min da ita, ko da kalma ɗaya ce: na farke.

Ummanki

*

Umma,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba. Ban ga amsar takardata ba, Kawu ma bai zo ba wannan makon. Wata 'yar garinmu da ta zo ganin likita a asibitin makaranta na roƙa ta kawo miki wannan. Lafiyata lau, sai dai barci da abinci sun ƙaurace min.

Na fito da rigar don in goge ta. Ina bin hannun hagu da dutsen guga sai na ga wuri ɗaya ya ƙi kwanciya daidai. Na juya. Na ga abin da kika ce in nemo.

Da farko ban gane ba. Aku ce ta leƙo ta kafaɗata, ta riƙe baki, ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ke! Wa ya yi miki wannan?" Na ce Ummata. Ta zauna a bakin gado tana juya shi, ta ce ita nata wani tela ya yi mata a bayan kasuwa, amma kusa da wannan nata shara ne. Ta ce, "Kina nan kina mana wa'azi, ashe daga gida aka shirya ki." Ta ce ita da tana da uwa irin tawa da ba ta da sauran damuwa.

Na ɗauko takardarki ta farko na sake karantawa. Kin ce kin yi min irin ta 'yan makaranta ba ki rage komai ba, don kada in shiga jarrabawa ina kallon na wasu. Kin ce ba ki iya lissafinmu ba, abin da hannunki ya iya shi kika yi min, sauran ya rage nawa. Na karanta har na haddace. Na gane hannunka mai sanda kika yi min, don ba magana ce da uwa za ta faɗa wa 'yarta baki da baki ba.

Umma, na yi kuka. Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushinki. Ke ce kika mayar da ni shagon mai kayan ɗinki da ƙafa, cikin rana, saboda maɓalli ɗaya da ya ƙaru a cikin waɗanda aka aike ni saye. Ke ce kike cewa ƙyallen da ya ragu a yadin mutum nasa ne ko da bai kai tafin hannu ba. Sai na ce to lallai abin ya kai inda ya kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila jikin Baba ya fi yadda kike faɗa min. Wataƙila gwiwarki ba za ta iya wata shekarar a kan keke ba, kin kasa gaya min. In ke da kanki kin zauna da allura a hannu kin yi wannan, ni wace ce da zan ce na fi ki tsoron Allah?

Ina tsoro ƙwarai. An fara cewa Shaho zai riƙa taɓa hannun riga a ƙofa. Aku ta shafa nawa ido a rufe, ta ce ko ita da ta san wurin ba ta ji komai ba. Ta ba ni irin takardar da ake yi da ita, marar ƙara, ta koya min yadda ake naɗewa. Na rubuta ƙa'idojin lissafin duka.

Jarrabawar ranar Litinin ce. Ban san ko zan iya ba, amma ba zan ba ki kunya ba. In wani abu ya faru, ba zan taɓa cewa ke kika ɗinka ba. Kada dai ki bari Baba ya zo ɗaukar katifa.

Autarki

*

Auta, Auta, Auta,

Ban san ko gaisuwa zan fara ko kuka ba. Muna lafiya. Takardarki ta zo, na karanta a tsaye a ƙofar shago, na kai ƙarshe ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Maƙwabciyata mai sayar da zare ce ta ɗaga ni.

Ba haka nake nufi ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ba haka nake nufi ba. Na zobe ne. Na rubuta miki komai tun makon jiya, na ba Kawu, ashe motarsa ta lalace a hanya, ya bar ta a gareji ya dawo gida a motar wani, takardata tana cikin aljihun ƙofar motar. Da na je gidansa yana zaune yana shan iska, wai ai ba ta ɓata ba, in an gyara mota zai kai. Ban taɓa ɗaga wa ƙanin babanki murya ba sai ranar. Yanzu ya tafi ya ɗauko ta, zai haɗa da wannan ya shiga kowace mota ya samu.

Na kira matar da ke kula da ɗakunanku. Na ce don Allah ta gaya miki kada ki sa sabuwar riga. Ta ce, "Me ya sami rigar?" Ta sake cewa, "Baiwar Allah, me ke jikin rigar? Wace ɗaliba ce ma tukuna?" Sai na kashe wayar. Yanzu ban sani ba ko na tsare ki ne ko na nuna ki da yatsa. Garin gyaran gira kada in rasa ido.

Ki saurare ni. Ki faɗi jarrabawar nan. Ki faɗi sau biyu ma in ta kama. Gwiwata za ta taka keke shekara goma in don ke ne, ta saba da ƙorafi, ni ma na saba da jin ta. Jikin babanki yadda na faɗa miki haka yake, ban rage ba ban ƙara ba. Yadda kika ɗauka zan iya tura ki sata, shi ya fi komai ci min rai. Sai na zauna na karanta maganata da idonki, na ga ni na buɗe ƙofar. Ina wasa da ke ne, irin wasan ɓoye da muke yi kina ƙarama.

Ki yaga takardar nan ta Aku. Ki shiga da kanki kaɗai, abin da ya zauna a ciki ki rubuta, wanda ya gudu ki bar shi ya gudu.

Yau Asabar. Allah Ya sa Kawu ya riga Litinin.

Ummanki

*

Umma,

Ina gaishe ki. Na san kin jima kina jiran wannan. Na fara rubutawa na yaga ya fi a ƙirga. Ya jikin Baba, ya gwiwa? Ni ina nan.

Kawu ya iso ranar Litinin ɗin. Mai gadi ya hana shi shiga saboda ana jarrabawa, ya zauna a gindin bishiya a waje da takardunki biyu a hannu. Da na fito ya miƙo min su, yana ta ba da haƙuri, yana tambayata ya jarrabawa. Na ce alhamdu lillahi. Na shiga ɗaki na karanta su da rigar a jikina.

Ga yadda aka yi. Da safe aka jera mu a baranda. Shaho yana tsaye a ƙofa da wata malama, kowa ta zo ta miƙa hannu biyu, malamar ta bi bakin hannun riga da yatsa. Aku ce a gabana. Ina kallon bayan wuyanta, gumi yana gangarowa. Malamar ta taɓa dama, ta taɓa hagu, ta tsaya. Ta kalli Shaho. Aku mai bakin nan ko uffan ba ta ce ba, ta koma gefe ta jingina da bango. Sai aka ce, "Na gaba."

Na miƙa hannuna. Na ce a raina shi ke nan, har wani sanyi na ji, don in an kama ni an hutar da ni. Malamar ta bi hannun hagu, ta dawo, ta sake bi. Yatsanta ya wuce ta kan wurin sau biyu. Ta ce, "Wuce."

Aikinki ya yi kyau, Umma. Ba wanda ya ji komai.

Da zan iya da na ce miki ban fito da takardar daga aljihun ba. Na yi niyyar haka. Na amsa tambayar farko da kaina. Ta biyu lambobin suka fara rawarsu, na kalli agogo, na tuna dattijon nan da katifa. Shaho ya fita raka Aku ofis. Na sa yatsa.

Sakamako ya fito. Ni ce ta uku a aji a lissafin magani. Malamar da ta san yadda nake fama ta rungume ni a gaban mutane, ta ce a yi koyi da ni. Aku ta tafi, yayanta ne ya zo ɗaukar kaya. Ba ta faɗi sunana ba. Da za ta fita ta kalli akwatina, ta kalle ni, ta ce, "Ki gaida Umma."

Kada ki ɗora wa kanki. Ke aljihu kika ɗinka, ni na cika shi. Da a ce ban so ba, da na karanta takardarki sau ɗari ban ga abin da na gani ba.

Na ɗauka in na tsallake Shaho tsoro ya ƙare. Saboda makin da na ci an tura ni ɗakin yara, inda ba a kai kowa sai wanda aka yarda da lissafinsa. Shekaran jiya babbar nas ta miƙo min kati da kwalba, ta ce in ja wa wata jaririya maganinta, ta juya tana magana da likita. Na tsaya da sirinji a hannu. Uwar yarinyar tana kallona tana murmushi, ta ga farar riga. Na ja, na mayar, na sake ja. Daga ƙarshe na ce cikina ya murɗa, na ajiye na gudu banɗaki. Jiya na ce kaina ke ciwo. Ban san me zan ce gobe ba. A wurin nan babu aljihun da zan duba, kuma in na yi kuskure ba suna ake liƙawa a allo ba.

Ga rigar nan na ba Kawu. Ba zan iya sa ta ba, ba zan iya yar da ita ba.

An ba mu hutu ƙarshen wata. Umma, ina roƙonki abu ɗaya. Kada ki bari Baba ya sallami nas ɗin nan.

Autarki

*

Auta,

Na karɓi takardarki da rigar. Muna lafiya. Na gode da ba ki yi min ƙarya ba, da kin so da kin yi, ni kuma da na yarda don ina son in yarda.

Na farke aljihun. Ya ɗauke ni wuni guda, don na yi shi yadda ba zai farku ba.

Yanzu ki ji. Kawu Direba ya riga takardarki magana. Tun daga bakin titi ya fara shela cewa Auta ta zo ta uku, mai gadin makarantarku ne ya gaya masa. Babanki ya tashi zaune, ya sa aka kawo masa hularsa, ya fita ƙofar gida da sanda, abin da ya yi wata bai yi ba. Duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi. Da nas ta zo da safe ya ce mata, "To, 'yar nan, na gode da ɗawainiya. Ƙarshen wata likitata za ta dawo, ta uku a lissafi. Ki huta." Ita ma ta taya shi murna, ta ce ai ta san wuyar jarrabawar nan, wanda ya zo na uku ya fi ta. Har ta ba wani tsoho a bayan layinmu lokacin da take zuwa mana, daga ƙarshen wata.

Na bi ta waje na ce ta ci gaba da zuwa. Ta ce, "Haba Umma, ga gwana a gida?" Na koma ciki na ce wa babanki a bar yarinya ta huta in ta zo. Ya ce shekara nawa yana ba baƙi hannunsa yana jiran ranar nan. Ya sa na sayo sababbin sirinji, ya jera su a kan teburin gefen gado kusa da na'urar awon jini, ya rufe da farin ƙyalle, ya hana kowa taɓawa.

Na kwana biyu ina neman ƙaryar da zan yi masa, kowacce na ɗauko sai ta ƙare a bakin gadon nan, shi ya naɗe hannun riga, ke kina tsaye da kwalba. Ba zan bari ki soke shi da abin da ba ki sani ba. Ba zan bari ki soki 'yar kowa ba. Gobe, kafin a sake miƙo miki kati, ki je wurin babbar nas ɗin ki ce mata ba ki iya ba. Abin da za ta tambaya bayan nan, da abin da za ki amsa, na bar miki. In sun kira ni zan zo da gwiwata, in faɗi wanda ya riƙe allurar ɗinki. In katifa ce, ni zan ɗauka.

Babanki kuwa mu biyu za mu gaya masa, ranar da kika iso, bayan nas ta yi masa ta safe. Zan je gidanta in roƙe ta ta zo ranar, ta ɗan zauna kusa, saboda sugansa.

Yanzu haka yana kirana daga ɗaki. Wai in tambaye ki wane hannu kika fi so ya ba ki, dama ko hagu, don ya bar wa nas ɗayan, naki ya huta kafin ki zo.

Ummanki